Harbin Alfadarar Baba

Ku matso kusa, 'yan uwa, yau bakina ya fi ƙarfina. Na zauna na miƙe, na ɗauki waya na ajiye, har Mama ta leƙo ɗakina ta ce, "Ke, ƙaya ce a kujerar?" In ban zazzage wa wani labarin nan ba fashewa zan yi.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, Ƙusa ake ce mini a gida. Baba ne ya laƙaba mini tun ina 'yar mitsitsiya, wai ga ni siririya, kuma ba na shiga inda ake so sai an buga. Babana kafinta ne. Shagonsa a jikin gidanmu yake, ƙofa ɗaya ce ta raba shi da tsakar gida. Ni ke ɗinka rigunan kujerun da yake haɗawa, kekena na kusurwa ƙarƙashin taga, inda dusar katako ba ta cika kaiwa ba.

Shi kuwa wanda ya hana ni sukuni, Ɗan Tabarau nake ce masa. Shi ma kafinta ne, kabad ɗin kicin yake haɗa wa mutane. A gidan wata mata muka haɗu, na kai rigunan kujeru, shi yana aiki a kicin da wani ƙaton tabarau na kare ido da abin toshe kunne, kamar wanda zai tuƙa jirgi. Na yi dariya har sai da na dafa bango. Ya ɗago ya ce, "Ki gama dariyarki. Idona biyu ne kawai, kuma daga yau na sami abin kallo da su." Ku ji mutum! Ranar farko fa.

Da maganarsa ta iso gida, Mama ce ta fara tsayawa a hanya.

"Kafinta kuma? Na auri ɗaya, ya ishe ni har ƙarshen rayuwata. Duk inji ya yi wata irin ƙara sai gabana ya faɗi. Shi ne ke ma za ki je ki ɗauko irin wannan zaman?"

Goggo, yayar Baba, tana da nata ɗan takarar, ɗan ƙawarta mai aikin ofis, wai hannunsa kamar auduga. Ba wanda ya ce dole. Amma kun san irin dolen nan da ba a kiran sunanta: a ambace shi da safe, a ambace shi da rana, a turo miki hotonsa a waya a ce kuskure ne.

Baba kuwa aikinsa ya ci gaba da yi. Rannan yana goge ƙafar tebur, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Ki ce wa mai tabarau ɗin nan ya zo gobe. Ba falo ba, shago. Ni ban iya sanin mutum yana zaune a kujera ba."

Saura kaɗan in ɗinke yatsana don murna. Sai kuma idona ya faɗa kan Alfadara, murnar ta koma ciki.

Alfadara zarton lantarki ne na hannu, irin mai zagayayyen faifai mai haƙora. Ta girme ni. Fentinta ya koɗe, mariƙinta ya yi santsi don shan gumi, kuma duk duniya babu abin da Baba yake ji da shi kamarta. Ya sa mata wannan suna ne saboda tana harbi. Ga wanda bai sani ba, in faifan yana gudu cikin katako sai tsagar ta matse shi, ko ya karkace ya maƙale, ƙarfin da yake yanka da shi ba ya ɓacewa. Juyowa yake yi. Sai injin gaba ɗaya ya zabura ya yo baya kan mai riƙe da shi, kafin ƙiftawar ido. Shi ne harbi. Baba yana da tabonsa a cinya, dogo kamar tafin hannuna, Mama kuma tana da nata a zuciya.

Kowane zarto irin wannan yana da murfi a ƙasa, wanda ke buɗewa in an shiga katako, ya rufe haƙoran da kansa da zarar an fito. Ba ya hana harbi, amma in an yi harbin, ƙarfe ne zai same ka maimakon haƙora. Murfin Alfadara kuwa, tun da na yi wayo a ɗaure na san shi, an ja shi sama an naɗe da wayar ƙarfe. Haƙoranta kullum a waje. Babu wanda ya isa ya yi maganar wayar nan a gidanmu. Wani abokin Baba ya taɓa gwadawa, har yau gaisuwa ce kawai tsakaninsu.

Na san Baba, na san Alfadara zai miƙa masa. Na kuma san Ɗan Tabarau, mutumin da ko almakashi ya ga an ajiye a buɗe sai ya rufe. Da yamma na shige ɗaki na rubuta masa.

"Gobe da safe, a shago. Baba da kansa ya ce!"

Nan take ya amsa: "Na tashi na tsaya don girmama saƙon nan."

"Zauna, da saura. Duk abin da ya ba ka, ka karɓa. Duk abin da ka gani, kada ka gyara masa. Ko kalma ɗaya."

"Me zan gani?"

"Komai ma. Ka yi mini alkawari."

Na ga alamar yana rubutu, ya goge, ya sake. Daga ƙarshe: "Ƙusa, alkawarin abin da ban gani ba yana da nauyi."

"Ni ban kai nauyinsa ba?"

Ku faɗa mini gaskiya, mata, wacece a cikinmu ba ta taɓa jefa irin wannan tambayar ba? Mun san ba ta da amsa sai ɗaya, shi ya sa muke yin ta.

"Na yi alkawari," ya rubuto.

Na rungume filo ina ta murmushi, ina ganin na gama dabara.

Da safe na canza kaya har sau ban san adadi ba. Na sa doguwar riga ruwan zuma, na ga kamar biki zan je, na cire. Na sa ta aiki, na ga kamar ban damu ba, na cire. Na ƙare da wata ruwan toka mai ƙananan furanni a hannu, da mayafi baƙi, na ɗan zizara kwalli. Na je na zauna a kan keke ina ɗinka wata rigar kujera da na riga na gama tun jiya.

Goggo ta zo da sassafe, wai wucewa take yi. Wucewa da sabon mayafi mai ruwan gwal da turaren da ya cika tsakar gida! Ita da Mama suka tsaya a ƙofar da ta haɗa gida da shago, kowacce ta harɗe hannu.

Ya yi sallama. Wayyo, 'yan uwa! Riga mai gajeren hannu shuɗiya an goge ta har tana ɗaukar ido, takalmi rufaffe, tabarau a rataye a wuya. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya juya ya gaida Mama da Goggo. Ni ko kallona bai yi ba, amma na ga kunnensa yana saurarona.

"Kai ne mai kabad?" in ji Baba.

"Ni ne, Baba."

"To mu nan ba kwali muke yankawa ba, katako ne."

Ya nuna masa wani dogon katako mai kauri da ya ɗora a kan benci biyu, ɗaya a wannan ƙarshen, ɗaya a wancan. Ya riga ya ja layi da fensir a tsakanin bencinan, kusa da ƙarshe ɗaya. Sannan ya ɗauko Alfadara da hannu biyu ya miƙa masa, yadda ake miƙa jariri.

Ɗan Tabarau ya karɓa. Na ga idonsa ya bi katakon, ya bi bencinan, ya sauka kan wayar ƙarfen nan. Zuciyata ta ce, shi ke nan, yanzu zai yi magana.

Sai ya yi murmushi ya ce, "Baba, bari in zare mata wuta mu gaisa tukuna. Ba a hawa dabbar da ba a sani ba kai tsaye."

Baba ya ce, "Hmm."

Ya zo kusurwata ya zare fulogin, don soket ɗaya muke amfani da shi, ni da Alfadara, a bango daidai gwiwata. Ya koma ya shafa haƙoran da ɗan yatsa ɗaya bayan ɗaya, yana duba kaifi da ko akwai wanda ya gutsure. Baba ya saba barin faifan a waje gaba ɗaya, komai kaurin katako. Shi kuwa ya jingina injin a gefen katakon, ya sassauta ɗan hannun da ke gefe, ya janye faifan sama har ya zama bakin haƙoran kawai ke leƙowa ta ƙasa.

"Me kake rage mata?" in ji Baba.

"Hannuna bai kai naka ƙarfi ba, Baba. In ta fito duka, rinjayata za ta yi."

Na sunkuyar da kai don kada a ga haƙorana. Ni na san dalili. In faifai ya nutse da yawa, wurin da katako zai kama shi ya ƙaru, harbin ma ya fi ƙarfi.

Sai ya koma kan bencinan. Duk wanda ya tashi a shago ya san in ka tallafe katako ta ƙarshe biyu ka yanka tsakiya, yana gab da rabuwa zai lotsa ƙasa, bakin tsagar ya haɗe ya cije faifan. Baba ya san haka sarai, shi dai ya dogara da saurin hannunsa ne. Ɗan Tabarau ya ɗaga katakon, ya jawo benci na biyu ciki, ya zama duka biyun suna ƙarƙashin dogon ɓangaren, guntun da za a cire yana reto a iska, inda zai faɗi abinsa ba tare da ya matse komai ba.

"Bencin ma bai yi maka ba?"

"Haske ya fi sauka ta nan, Baba. Idona ba kamar naka ba ne, ka ga har tabarau nake sawa."

Goggo ta taɓa Mama da gwiwar hannu, ta yi raɗar da har bakin titi an ji. "Hannu babu, ido babu. To me ya rage?"

Ya ɗauko abin matse katako guda biyu ya ɗaure shi da bencin, wai shi katako raina shi yake yi, yana guje masa. Ya bi layin da tafin hannu yana neman tsohuwar ƙusa ko ƙulli. Ya yanko wani ɗan tsinin katako ya ajiye kusa, irin wanda ake cusawa a tsaga in ta fara haɗewa. Sannan ya waiwaya bayansa. Goggo ta riga ta shigo don ta ga ƙwaf, ta tsaya daidai saitin layin.

"Goggo, dusa za ta ɓata miki wannan kyakkyawan mayafin. Da kin dawo ta nan gefe."

"Au, ka lura da shi?" Ta matsa tana gyara shi a kafaɗa. "To, ido dai akwai ɗan kaɗan."

Jama'a, ina zaune amma raina yana rawa! Duk abin da ya kamata a gyara ya gyara, kuma bai ce wa Baba ka yi kuskure ko sau ɗaya ba. Kowane gyara sai ya ɗora laifin a kan kansa. Na ce a raina, yau Mama za ta ga irin kafintan da na zaɓa.

Saura abu ɗaya. Wayar.

A nan dabara ta ƙare masa. Ba zai ce hannunsa ne ba, ba zai ce idonsa ne ba. Kwance wayar nan ma'anarta ɗaya ce, kuma kowa a shagon ya san ta. Ya zo ya mayar da fulogin, ya ɗan daɗe a sunkuye kusa da kekena. Sai a lokacin ya kalle ni, kallo ɗaya, na tambaya. Ni kuma, Allah ya gani, na kawar da kai.

Ya koma. Ya sa tabarau, ya jefa igiyar wutar bayan kafaɗa, ya tsaya a gefen layin ba a bayansa ba, ya raba ƙafa, hannu biyu a kan inji. Ya danna makunni. Alfadara ta yi kukanta, ya tsaya yana jira ta kai ƙarshen gudu kafin ya taɓa katako, yadda ake yi.

A ɗan wannan jiran ne komai ya juye mini. Na ga haƙoran nan suna walƙiya tsirara, na ga cinyarsa a cikin wando mai guga. Wata zuciyar ta ce, ai ya toshe duk hanyoyin harbi, da wuya wani abu ya faru, ki bari ya yanka a wuce wurin. Wata ta ce, da wuya ba babu ba ne. Mutumin nan bai taɓa kunna zarto a haka ba a rayuwarsa. Yau zai yi, ba don Baba ya tilasta shi ba, don ke kika tambaye shi nauyinki. In ta harbe shi, wa ya riƙe injin, shi ko ke?

Ban san lokacin da hannuna ya kai bango ba. Na fizge fulogin.

Kukan ya fara sauka. Shi bai motsa ba, ya riƙe ta cak a sama har faifan ya tsaya, sannan ya kwantar da ita a gefenta.

"An ɗauke wuta ne?" in ji Baba. Ya ɗaga kai, fanka tana ta juyawa abinta.

"Ni ce, Baba."

"Ke ce me?"

"Ni na zare." Na nuna Alfadara da yatsa. "Murfin a ɗaure yake."

Goggo ta kama haɓa. Baba ya dube ni kamar yau ya fara ganina.

"Tun ba a haife ki ba nake yanka da ita a haka."

"Tun ba a haife ta ba nake ɗinke wandon da Alfadara ta yaga, Malam," in ji Mama daga bakin ƙofa, a hankali, tana kallon ƙasa.

Sai Baba ya juya kan Ɗan Tabarau.

"Kai. Ka ga murfin?"

"Na gani, Baba."

"Ka yarda da shi a haka?"

"Ban yarda ba, Baba."

"To tsaya. Ka rage mini faifai ka ce hannunka. Ka ja mini benci ka ce idonka. Ka kori yayata daga bayanka ka ce mayafi."

"Au, ba mayafin ba ne?" in ji Goggo.

"Yaya, don Allah." Baba bai ko waiwaya ba. "Kana zaton ban gane ba? Tun daga faifan na gane. Na ce bari in ga iyakar ladabin yaron nan. Duk ka gyara waɗannan, ka zo kan wanda zai iya buɗe maka cinya, ka yi shiru ka kunna. Me ya ɗaure maka baki?"

'Yan uwa, ku duba wannan tarko. In ya ce ni ce, na shiga uku a gaban Baba da Mama da Goggo, yarinyar da ke kitsa wa saurayi yadda zai bi da ubanta. In ya ce ba komai, ya zama matsoraci ko mai neman suna. In ya ƙirƙiro wani abu, ya yi wa Baba ƙarya ido da ido a kan tambaya ta gaskiya.

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya ce, "Waya ce ta ɗaure ni, Baba."

Baba ya kalli wayar ƙarfen da ke jikin Alfadara ya gyaɗa kai. Ni kuwa na kalli tawa wayar da ke kan keke, na ji fuskata ta ɗau zafi. Da na ɗago, idon Mama na kaina. Ta kalli wayar, ta kalle ni, ta ɗan karkata baki. Uwa dai uwa ce.

"Wato ka ga abin da na ɗaure da hannuna, ka ji nauyin kwancewa," in ji Baba. "Na ji. Amma ni ba na son irin wannan kunyar. Gobe ka ga 'yata za ta taka wuta, sai ka tsaya jin nauyina?"

"Ba zan sake ba, Baba."

Baba ya jawo filaya daga aljihu. Na ɗauka Ɗan Tabarau zai ba. Sai ya miƙo mini.

"Ke da kika iya kashe wuta, zo ki kwance."

Na taso na karɓa. Wayar ta yi tsatsa, ta manne. Na datse ta, na warware, na saki murfin ina jiran in ji ƙarar rufewarsa.

Shiru. Ya sauko rabi ya tsaya, haƙoran suna nan a waje.

"Kin gani?" in ji Baba, muryarsa ta sauka. "Haka ya yi mini tun da daɗewa. Ya tsaya a rabi yana kama katako, yana karkatar mini da hannu. Na kai wa masu gyara suka ce in sayi sabuwa. Shi ne na ɗaure. Ba taurin kai ba ne kawai."

"Kawai," in ji Mama.

"Na ce ba shi kaɗai ba ne, ai ban ce babu ba."

Dariya ta ƙwace wa Goggo, ta ƙwace mini, har shi Baban sai da gemunsa ya motsa. Ɗan Tabarau ya durƙusa yana motsa murfin da yatsa, ya ce yana ganin dusa ce ta daskare a ciki, sifirin ɗin da ke jan shi kuma ya mutu. In an ba shi dama zai gwada.

Sai Baba ya naɗe igiyar wutar a jikin Alfadara da kansa, ya ɗora masa a hannu.

"Ba ta taɓa kwana a wani wuri ba. Tafi da ita. Ranar da ka dawo mini da ita murfin nan yana rufe kansa, ka ce wa iyayenka ina jiran su."

Wayyo daɗi! Na ruga cikin gida don kada in yi ihu a gaban mutane, na yi karo da bokiti, na faɗa kan gado na cusa fuska a filo na yi ihun a can. Ta taga na hango Mama da kanta ta kawo masa ruwa a kofin baƙi, wanda ko Goggo ba a ba ta da shi. Da ya tafi ta shigo ɗakina ta tsaya.

"Ban ce na yarda ba," ta ce. "Amma tun da nake a gidan nan ban taɓa ganin wanda ya duba bayansa kafin ya kunna inji ba." Ta juya za ta fita, ta ƙara, "Ke kuma ki rage rubuce-rubuce a waya."

Goggo ma da za ta tafi cewa ta yi yaron ba laifi, sai dai a ƙara masa abinci.

Rana ta yi sanyi ina kwance ina zaɓen launin labule a raina, sai waya ta yi ƙara. Hoto ne: Alfadara a warwatse a kan tebur ɗinsa, kowane ƙarfe a jere.

"Murfin ba matsala," ya rubuto. "Na wanke, na sami sifirin da ya yi daidai. Yana rufewa kamar ƙiftawar ido."

Na tura masa duk wata alamar murna da ke cikin wayata.

"Tsaya, Ƙusa. Da saura."

Na tashi zaune.

"Na kafa fensir a gefen faifan na juya shi da hannu. Yana taɓawa yana saki. Na sa sabon faifai, haka. Sandar da yake juyawa a kanta ce ta lanƙwashe, kuma an daina yin irinta. Faifan rawa yake yi a cikin tsaga. Komai kyan benci, komai kaifin haƙori, wata rana sai ya maƙale. Ina ganin shi ya sa take harbi fiye da kowane zarto. Bai kamata kowa ya sake kunna ta ba."

Kafin in rubuta amsa, wani saƙon ya shigo.

"Baba murfi kawai ya ce. In na kai ta gobe yana rufewa, na cika sharaɗi, ban yi ƙarya ko ɗaya ba. In na faɗa masa sauran, na zama yaron da aka ba amanar kwana ɗaya ya dawo ya ce ta mutu. Ban sani ba ko zai sake kallona. Na san abin da zan yi in don ni kaɗai ne. Amma auren namu ne mu biyu, kuma uban naki ne."

Na riƙe wayar har fuskarta ta yi duhu. Daga tsakar gida nake jiyo muryar Baba, da wani irin nishaɗi da na daɗe ban ji ba. Na ɗaga labule. Yana tsaye da tef ɗin awo a hannu, ya ja shi a ƙasa tsakanin ƙofar kicin da igiyar shanya, Mama na riƙe masa ɗaya bakin.

"Faɗinsa ya kai nan," yake cewa. "Katakon nan da na ɓoye a bayan shago, da shi zan yi. Ba wanda zai sa mini hannu. Alfadara na dawowa zan fara, gadon 'yata da ita zan yanka shi tun daga ƙafa har allon kai."

Mama ta ce, "Sai ka bari su zo tukuna."

"Za su zo. Yaron zai gyara ta, na ga hannunsa."

Na saki labulen. Na kunna wayar na rubuta: "Ka haɗa ta ka kawo gobe, da fensir ɗin. Ka nuna masa abin da ka nuna mini. Amma ba daga bakinka zai fara ji ba."

Na ajiye ta a kan gado tun kafin ya amsa. Na gyara mayafina, na fita tsakar gida, na durƙusa daidai inda tef ɗin ya ƙare.

Baba ya dube ni yana murmushi. "Ƙusa, tashi daga kan gadonki, ba a gama ba."

Na ce, "Baba, ina da magana."